Daga famfo zuwa ɗan garuwa: yadda rigingimun ƙasashe suka juya cinikin iskar gas

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar da ruwan famfo ya ɗauke ya san abin da ke biyo baya. Rana ta farko ana lallaɓa ɗan abin da ya rage a randa. Zuwa rana ta uku 'yan garuwa sun zama sarakuna. Kana tsaye a ƙofar gida kana ƙwala wa mai kura kira, ya waiwayo ya ce maka "na sayarwa ne, an riga an biya", ya tura jarkokinsa zuwa gidan Alhajin da ya ninka masa kuɗi. Wanda ya fi kowa jin jiki a irin wannan rana shi ne talakan da dama can ba shi da famfo, wanda ya shekara goma yana sayen jarka biyu kullum a hannun wannan ɗan garuwar. Famfon wani ne ya lalace, amma gidansa ne aka kwana ba a yi wanki ba.

Wanda ya gane wannan ya gane rabin abin da ya faru a kasuwar iskar gas ta duniya tun daga 2022. Famfon shi ne bututun Rasha. Alhajin ita ce Turai. 'Yan garuwar kuwa manyan jiragen ruwa ne masu dakon gas ɗin da aka mayar ruwa, wanda 'yan harkar ke kira LNG.

Kafin mu yi nisa, wannan ba gas ɗin girki ba ne da ake ɗura wa a tukunya a gidan mai. Wancan da ɗan matsi kaɗan yake zama ruwa. Wanda muke magana a kai shi ne wanda tashoshin lantarki da kamfanonin taki da na ƙarfe ke ƙonawa, kuma shi Turawa ke ɗumama gidajensu da shi lokacin hunturu. Taurin kai gare shi: ba ya zama ruwa sai an sanyaya shi zuwa digiri 162 ƙasa da sifili. Idan ya kai nan sai ya tsuke, abin da zai cika ɗaki 600 ya koma cikin ɗaki ɗaya. Daga nan ne ake iya loda shi a jirgi a tsallaka teku da shi. An fara gwada haka a 1959, da wani jirgi ya ɗauko kaya daga Luwiziyana ta Amurka zuwa Ingila, sannan Aljeriya ta buɗe cinikin sosai a 1964 daga tashar Arzew.

Abu uku ake buƙata, kuma kowanne na cin kuɗi. Akwai masana'antar sanyayawa a ƙasar mai sayarwa, wadda ke lashe biliyoyin daloli da shekara huɗu zuwa biyar kafin ta fitar da ɗigo ɗaya. Akwai jirgin kansa, wanda tamkar ƙaton filas ne mai yawo a teku, kuma yawancinsu a Koriya ta Kudu ake ƙera su. Sai kuma tashar saukewa a ƙasar mai saye, inda ake ɗumama ruwan ya koma iska a tura shi cikin bututan ƙasa. Idan ɗaya ya ɓace a cikin ukun, sauran biyun sun zama kayan kallo. Shi ya sa ko da farashi ya yi tashin gwauron zabi yau, ba mai iya ƙara kaya a kasuwa gobe. Sai dai a ƙwace daga hannun wani.

Bututu da amanar da ta karye

Shekaru kusan hamsin Jamus ta yi tana sayen gas daga Mosko, tun zamanin Tarayyar Sobiyet. Hujjar manyanta ita ce bututu ya ɗaure mai saye da mai sayarwa da igiya ɗaya: ni ba ni da wani famfon, kai ma ba ka da wani gidan da bututunka ya shiga, don haka ba wanda zai cuci wani. Da wannan lissafin aka shimfiɗa bututun Nord Stream daga Rasha zuwa Jamus ƙarƙashin tekun Baltik, aka buɗe shi a 2011, yana iya kai kubik mita biliyan 55 a shekara. Aka ƙara na biyu, aka kammala shi a Satumbar 2021. A wannan shekarar Tarayyar Turai ta sayi kimanin kubik mita biliyan 155 daga Rasha, wato wajen kashi 45 cikin 100 na duk gas ɗin da ta shigo da shi. Jamus, mafi ƙarfin tattalin arziki a nahiyar, ba ta da tashar sauke LNG ko guda ɗaya. Me za ka yi da ɗan garuwa alhali famfo na zuba a tsakar gida?

Ranar 22 ga Fabrairun 2022 shugaban gwamnatin Jamus Olaf Scholz ya dakatar da ba bututu na biyu lasisi. Kwana biyu bayan haka sojojin Rasha suka kutsa Yukiren. Daga nan aka shiga murɗa famfo sannu a hankali. A watan Maris Putin ya ce duk ƙasar da ba ta ɗasawa da Rasha sai ta biya da kuɗin rubul. Ƙarshen Afrilu aka yanke wa Polan da Bulgeriya. A watan Yuni kamfanin Gazprom na Rasha ya rage abin da ke bi ta Nord Stream zuwa kashi 40, yana cewa wani inji da aka kai gyara Kanada ya maƙale saboda takunkumi. A Yuli ya koma kashi 20. Ƙarshen Agusta aka rufe da sunan gyara, ba a sake buɗewa ba. Ranar 26 ga Satumba kuma wasu abubuwa suka fashe a ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Bornholm na Denmark, layi uku cikin huɗun da bututan biyu ke da su suka tashi aiki.

Ga ɗan lissafin da zai nuna girman ramin. Jirgi madaidaici na ɗaukar kubik mita 174,000 na ruwan gas. Idan ya koma iska ya kai kusan kubik mita miliyan 100. Ke nan kafin a cike gurbin Nord Stream kaɗai sai jirgi 550 a shekara. Kafin a cike gurbin Rasha baki ɗaya kuwa sai fiye da 1,500, jirgi huɗu da ɗoriya kowace rana ta Allah. Farashi a kasuwar TTF ta Holand, wadda ita ce ma'aunin Turai, a shekarun baya yana yawo ne a wajen yuro 20 kan kowane awon megawat. A ƙarshen Agustan 2022 ya kai kusan yuro 340. Kayan jirgi ɗaya da a da bai wuce yuro miliyan 20 da wani abu ba ya haura miliyan 300.

Tashar da ake ja da igiya

Tashar saukewa ta kan tudu, mai manyan tankunan kankare, tana cin shekara huɗu ko biyar. Hunturu kuwa saura wata tara. Mafitar da aka samu ita ce jirgin da shi kansa tasha ne: an girka masa injinan ɗumama gas a cikinsa, a ɗaure shi a gaɓa, jirgin kaya ya zo ya jingina da shi ya juye masa, shi kuma ya tura iskar cikin bututun ƙasa. Irin waɗannan jirage ba su wuce hamsin ba a duk duniya a lokacin, kuma akasarinsu ƙasashe masu tasowa ne ke hayarsu, don su aka san ba su da kuɗin gina ta kankare. Cikin 'yan watanni Turai ta kwashe kusan duk wanda ba shi da aiki.

Ranar 17 ga Disamban 2022, cikin hazo da sanyin da ke shiga ƙashi, Scholz da ministan tattalin arzikinsa Robert Habeck da na kuɗi Christian Lindner suka fita gaɓar Wilhelmshaven don buɗe tashar farko. A gabansu jirgin Höegh Esperanza ne, tsawonsa kusan mita 300, ɗaure a wata sabuwar gada da aka gama cikin ƙasa da kwana 200, an kuma ja masa bututu mai kilomita 26 zuwa babban layin ƙasa. Wanda ya san Jamus zai gane abin mamakin. Ƙasa ce da filin jirgin saman babban birninta ya makara da shekara tara. Sai da majalisa ta yi doka ta musamman da ta yanke dogon binciken muhalli kafin aikin ya yiwu, kuma ministan da ya tura dokar ɗan jam'iyyar masu kare muhalli ne. In ji Bahaushe, wuya makarantar kare. Duk da bikin, abin da tashar ke iya bayarwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da Nord Stream ke kawowa ba.

Sauran suka biyo baya kamar an buɗe ƙofa: Eemshaven a Holand tun Satumbar 2022, Lubmin da Brunsbüttel a Jamus, Inkoo a Finlan, Piombino a Italiya inda mutanen gari suka yi ta zanga-zanga, Le Havre a Faransa, sai Alexandroupolis a Girka a 2024, wadda aka yi musamman don ciyar da Bulgeriya da maƙwabtanta.

Ƙasar da ta fi burge ni a wannan labari ƙarama ce, Lituweniya, mai mutane ƙasa da miliyan uku. Tun 2014 ta yi hayar irin wannan jirgi ta ɗaure a tashar Klaipeda, ta raɗa masa suna da ke nufin 'yancin kai. A lokacin da yawa sun ce ɓarnar kuɗi ce, jirgin ya fi ƙarfin buƙatar ƙasar. Amma tun kafin ya iso Gazprom ya rage mata farashi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A Afrilun 2022 kuma ita ce ta fara cewa ta daina sayen gas ɗin Rasha kwata-kwata. Tasha irin wannan tana biyan kuɗinta ko da ba a sauke komai a cikinta ba, don mai famfo ya san kana da lambar ɗan garuwa.

Sifaniya kuma ta nuna cewa tasha kaɗai ba ta isa. Ta fi kowace ƙasar Turai yawan tashoshin saukewa, har da wata a Gijón da aka gina aka rufe shekara goma ba a yi amfani da ita ba. Sai dai bututan da suka haɗa ta da Faransa ta tsaunukan Pirenis 'yan ƙanana ne. A Oktoban 2022 jirage da dama suka yi cirko-cirko a gaɓarta ba wurin juyewa, yayin da Jamus ke neman gas ido rufe.

Wanda aka ƙwace wa jarka

Turai ta tsallake hunturun. Ta ƙara sayen LNG da kusan kashi 60 cikin 100 a shekara guda, sanyin bai yi tsanani ba, kuma Sin na cikin kullen korona, don haka ta rage saye da kusan kashi ɗaya cikin biyar, har kamfanoninta na sayar wa Turawa kayan da suka riga suka yi oda. Amma masana'antun sanyayawa na duniya ba su ƙaru da kashi 60 ba. To daga ina ƙarin ya fito?

Daga Pakistan da Bangaladash da ire-irensu. Waɗannan ƙasashe sun shiga harkar ne lokacin da kaya ke araha, Pakistan a 2015, Bangaladash a 2018. Aka ba su shawarar su bar baƙin mai su koma gas, suka gina tashoshin lantarki a kan wannan alkawari. Da kasuwa ta hargitse, wasu dillalan da ke da kwantiragi da Pakistan suka riƙa ba da uzuri suna fasa kawo kaya. Lissafin a fili yake: tarar saɓa alkawari ba ta taka kara ta karya ba idan aka gwada ta da ribar karkatar da jirgin zuwa Rotterdam ta Holand. A Yulin 2022 Pakistan ta nemi wanda zai sayar mata da jirgi goma, ko mutum ɗaya bai amsa ba. Bangaladash ta haƙura da sayen na tsaye a kasuwa na tsawon watanni, aka koma raba wuta da awa-awa, masaƙu suka rage aiki. Mu da muka saba da ɗaukewar wuta mun san abin da hakan ke nufi ga tela da mai walda da mai sayar da ƙanƙara.

Darasin da waɗannan ƙasashe suka ɗauka shi ne wanda kowa zai ɗauka. A farkon 2023 Pakistan ta ce za ta ninka wutar da take samu daga kwal ɗin cikin gida sau huɗu. Jama'arta kuma ba su jira gwamnati ba, suka rufe rufin gidaje da masana'antu da faifan sola na Sin, har ta kai a 2025 ƙasar na roƙon Katar ta jinkirta wasu jiragen da ta yi oda saboda ba inda za ta kai gas ɗin. Masu sayar da LNG sun ci kasuwa a 2022, amma sun koya wa kwastomomin da suke sa ran su riƙe su nan gaba cewa ranar wuya ba a ganinsu.

Manomi a Funtuwa ko Maraɗi ma ya taɓa wannan wutar ba tare da ya san daga ina take ba. Da gas ake yin takin yuriya. Da gas ya yi tsada, kamfanonin taki na Turai suka rage aiki, kamfanin BASF na Jamus ma ya rufe ɗaya daga cikin masana'antunsa na amoniya a Ludwigshafen, ga kuma takin Rasha da Belarus da ya shiga tarkon takunkumi. Kuɗin buhu ya tashi ko'ina.

Dillalai biyu, hali biyu

Manyan da suka ci moriyar wannan hargitsi su ne Amurka da Katar, kuma salon cinikinsu ya sha bamban.

Labarin Amurka akwai ban dariya a ciki. Tashar Sabine Pass da ke Luwiziyana an gina ta ne don shigo da gas, lokacin da ake ganin na Amurka ya kusa ƙarewa. Sai fasahar fasa dutse ta fito da gas mai ɗimbin yawa, aka juya tashar ta koma ta fitarwa, jirgin farko ya tashi a Fabrairun 2016. Shekara bakwai bayan haka, a 2023, Amurka ta zama ta ɗaya a duniya, ta wuce Katar da Ostireliya. Tsarinta shi ne ka biya kuɗin sanyayawa, ka ɗauki kayanka a bakin tasha, ka kai inda ka ga dama. Wannan ne ya ba jirage damar juya akala a tsakiyar teku, jirgin da ya nufi Asiya ya ji farashin Turai ya fi ya yi kwana. Ba umarnin Fadar White House ba ne ya kai gas ɗin Amurka Turai, riba ce ta kai shi, kuma ribar ce za ta iya ɗauke shi ranar da Tokiyo ko Seoul suka fi biya.

A 2024 kusan rabin LNG ɗin da Tarayyar Turai ta saya daga Amurka ya fito, kuma siyasa ta riga ta shiga. A Janairun 2024 Biden ya dakatar da ba sababbin tashoshi izinin fitarwa, Trump ya ɗage dakatarwar ranar da ya dawo mulki. A Yulin 2025, don kauce wa harajin Trump, Tarayyar Turai ta yi alkawarin sayen makamashin Amurka na dala biliyan 750 cikin shekara uku, adadin da masana harkar da yawa suka ce ba zai yiwu ba, tunda kamfanoni ne ke saye, ba hukumar da ke Brussels ba. Ita kuwa Sin da ta ƙaƙaba wa LNG ɗin Amurka harajin kashi 15 a Fabrairun 2025, kamfanoninta ba su yi asara ba. Suna karɓar kayansu a gaɓar Amurka su sayar wa Turai.

Katar ba ta wannan wasan. Ita kwantiragin shekara ashirin zuwa sama take so, farashi a ɗaure da na ɗanyen mai, kuma a rubuta tashar da za a sauke. Habeck ya je Doha a Maris ɗin 2022, hoton da aka ɗauke shi ya rusuna yana gaisawa ya zaga jaridun Jamus. Amma Jamus na son ta rabu da gas kafin 2045, don haka ta yi ta jan ƙafa kan dogon alkawari. Kafin ta gama shawara kamfanin Sinopec na Sin ya sa hannu kan shekara 27, tan miliyan 4 kowace shekara. Jamus ta tashi da na shekara 15, tan miliyan 2, shi ma ta hannun wani kamfanin Amurka. Katar na faɗaɗa aikinta daga tan miliyan 77 zuwa 142 a shekara, kuma ta san darajar kanta. Da Turai ta yi dokar da za ta iya cin kamfani tarar kashi 5 na kuɗin shigarsa na duniya kan batun muhalli da haƙƙin ma'aikata, ministan makamashinta Sa'ad al-Ka'abi ya fito fili ya ce in haka ne za su daina kai gas Turai. Tuni aka shiga sassauta dokar.

Sannan ga matsalar hanya. Duk jirgin da ya tashi daga Ras Laffan, tashar da Katar ke loda gas ɗinta, dole ya bi ta mashigin Hormuz, inda kusan kashi ɗaya cikin biyar na LNG ɗin duniya ke wucewa. Ɗanyen mai yana da ɗan mafita, don Saudiyya na da bututu zuwa Yanbu, Daular Larabawa na da nata zuwa Fujaira. Gas ɗin Katar ba shi da wata ƙofa. Rijiyar ma da take haƙa tarayya suke da Iran, kowa na zuƙa daga ɓangarensa. A yaƙin kwana goma sha biyu na Yunin 2025 har makamai masu linzami Iran ta harba kan sansanin Amurka da ke cikin Katar. Gaba kaɗan kuma akwai mashigin Bab al-Mandab, ƙofar shiga Bahar Maliya. Tun da 'yan Husi na Yaman suka fara kai wa jirage hari a Nuwamban 2023 kan yaƙin Gaza, jiragen Katar suka bar Bahar Maliya da Suwez, suna zagayawa ta ƙarshen Afirka ta Kudu, ƙarin kwana goma ko fiye a kowace tafiya. Jirgin da ya daɗe a hanya sawunsa ya ragu, kamar an rage yawan jiragen ne.

Rashar da aka kora ta ƙofa kuwa ta taga ta dawo. Yayin da gas ɗin bututunta ke raguwa, LNG ɗinta daga Yamal, can ƙuryar arewa inda sai jirage masu fasa ƙanƙara ke shiga, ƙaruwa ya yi a tashoshin Faransa da Beljiyam da Sifaniya, ya kai matakin da bai taɓa kaiwa ba a 2024. Sai a Oktoban 2025 Tarayyar Turai ta amince ta haramta shi gaba ɗaya daga farkon 2027. Japan, wadda ke cikin masu ƙaƙaba wa Rasha takunkumi, ta ƙi sakin hannun jarinta a aikin gas na tsibirin Sakhalin na Rasha, don kusan kashi ɗaya cikin goma na gas ɗinta daga can yake. Sabon aikin Rasha na Arctic LNG 2 da Amurka ta sa wa takunkumi a Nuwamban 2023 ya yi ta loda jirage ba mai saye, sai a Agustan 2025 na farko ya sauke a tashar Beihai ta Sin.

Ina Najeriya a wannan kasuwa?

Ranar da kasuwa ta ci, kayanmu ba su cika ba. Kamfanin NLNG da ke tsibirin Bonny yana fitar da kaya tun 1999, yana da layin sanyaya gas guda shida masu iya tan miliyan 22 a shekara, NNPC na da kashi 49, sauran na Shell da TotalEnergies da Eni. Daga Bonny zuwa Fotugal ko Sifaniya ba Hormuz, ba Suwez, ba wanda za a roƙa hanya. A 2022 jami'an Tarayyar Turai suka zo Abuja takanas suna neman ƙari. Amma masana'antar na aiki ne da wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinta. Dalili kuwa, gas mai yawa tare da ɗanyen mai yake fitowa daga rijiya, in ɓarayin mai suka fasa bututu aka rufe rijiyar, gas ma ya tsaya. A Oktoba kuma ambaliya ta sa kamfanin ya sanar da kwastomominsa cewa abin ya fi ƙarfinsa. Farashi mafi tsada a tarihin harkar ya zo ya wuce muna gyaran bututu. Layi na bakwai da zai kai mu tan miliyan 30 zai fito ne daidai lokacin da sababbin masana'antun Amurka da Katar ke cika kasuwa.

Hargitsin ya kuma farfaɗo da tsofaffin mafarkai biyu. Ɗaya bututun da zai ratsa Sahara, fiye da kilomita 4,000 daga Najeriya ta Nijar zuwa Hassi R'Mel a Aljeriya, wanda ƙasashen uku suka sake sa wa hannu a Yulin 2022. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai kilomita 614, da Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa shi a 2020, shi ne ƙafarsa ta farko. Ɗayan kuma na Maroko ne, wanda aka fara maganarsa da Sarki Muhammad na Shida ya zo Abuja a 2016, zai bi gaɓar teku ta ƙasashe goma sha uku. Bututan biyu kishiyoyi ne, kamar yadda Aljeriya da Maroko suke kan batun Yammacin Sahara. Duk mai son sanin abin da bututu ke zama idan maƙwabta suka ɓata, ya dubi abin da ya faru a ƙarshen Oktoban 2021: Aljeriya ta rufe bututun da ke bi ta Maroko zuwa Sifaniya. Yanzu Maroko na sayen LNG a kasuwar duniya, a sauke mata a tashoshin Sifaniya, a turo mata ta wannan bututun, gas na tafiya da baya. A ganina duk bankin da za a nemi ya zuba biliyoyin daloli a bututun da zai ratsa Sahel, bayan juyin mulkin Nijar na 2023 da abin da ya ga ya sami Nord Stream, zai daɗe yana duba takarda. Kafin nan dai, wasu masana'antun Arewa da tankar mota ake kawo musu LNG daga jihar Ribas, garuwa ta gaske ke nan.

Can Turai kuwa amfani da gas ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar tun 2021, wani saboda sola da injinan iska, wani saboda masana'antun da suka rufe ba su sake buɗewa ba. Wasu tashoshin da aka kafa a guje sun koma zaman jiran jirgi. Amfanin tasha mai iyo shi ne ana iya kwance ta. Masar, wadda bayan gano rijiyar Zohr a 2015 ta yi ta shelar za ta zama cibiyar sayar wa Turai gas, haƙarta ta ja baya, ta koma saye a 2024, ga shi kuma duk lokacin da yaƙi ya sa Isra'ila ta rufe rijiyoyinta na teku gas ɗin da take turo mata yankewa yake. A 2025 aka kwance ɗaya daga cikin jiragen da gwamnatin Jamus ta yi haya, Energos Power, daga tashar Mukran da ke tsibirin Rügen, aka ba Masar shi haya.